Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Gane Sautukan Zuciya da Kanta

Idan ka ɗora abin sauraren ƙirji a kan mai lafiya, sauti biyu za ka ji suna ta maimaituwa: ɗaya mai ɗan kauri, sai wani gajere ya biyo bayansa. Likitoci na kiran na farko S1, na biyu S2. Aikinmu shi ne mu naɗi wannan sauti a fayil, mu rubuta ɗan shiri da zai nuna inda kowane S1 da kowane S2 ya faɗo, ba tare da mun nuna masa da hannu ba. Duk wani aiki da ya fi wannan girma a kansa yake zaune. Wanda bai san inda matsawar zuciya ta fara ba, ba zai iya cewa hucin da ake ji a ƙirji, wato ƙarar gudun jini da likitoci ke kira murmur, a lokacin matsawa yake ko a lokacin saki ba, alhali wannan bambancin shi likita ke nema.

Tun daga nan ka riƙe abu guda: ba da ƙarfin sauti ake rarrabe S1 da S2 ba, da tazarar lokaci ake yi. Mafi yawan shirye-shiryen ɗalibai da nake gani suna faɗuwa, nan suke tuntuɓe.

Kayan aiki

- Kwamfuta ko wace iri, muddin batirinta na riƙe caji. Idan babu, Google Colab na buɗewa ko a waya, sai dai rubutu a kai akwai wahala.
- Python tare da NumPy, SciPy da Matplotlib. Duk kyauta ne. Mai MATLAB ma zai iya bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya.
- Audacity, don kallon sauti, sauraro, da sa alama da hannu.
- Abin sauraro na kunne mai kyau, wanda ke rufe kunne. Lasifikar waya da ta kwamfuta ba sa fitar da sauti mai kauri, kuma mafi yawan ƙarfin bugun zuciya yana ƙasa da Hz 200, wato kaɗawa 200 a sakan. Za ka iya kunna fayil lafiyayye a lasifikar waya ka rantse babu komai a ciki.
- Abin sauraren ƙirji na lantarki, idan da hali. Idan babu, na talakawa irin wanda ake sayarwa a shagon kayan asibiti, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, da salatif.
- Fayilolin gwaji da aka riga aka sa wa alama. Zan faɗi inda ake samun su.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

S1 ƙarar rufewar bawul biyu ne da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa na zuciya, a daidai lokacin da ɗakunan ƙasa suka fara matsawa. S2 kuwa rufewar bawul biyu ne da ke bakin manyan jijiyoyin da ke kai jini jiki da huhu, bayan an gama tura jinin. Daga S1 zuwa S2 shi ne lokacin matsawa. Daga S2 zuwa S1 na gaba shi ne lokacin saki, inda zuciya ke cika da jini.

Babban mutum da ke zaune cikin natsuwa, zuciyarsa na bugawa sau 75 a minti, zagaye ɗaya na ɗaukar sakan 0.8. Matsawa ta ci kusan 0.3, saki kusan 0.5. Tafiyar kamar ta mai ɗingishi ce: taku biyu kusa da juna, sai ɗan jinkiri, sai wasu biyun. Kowane sauti tsawonsa kusan milisakan 100 ne, wato sakan 0.1, S1 ya ɗan fi S2 tsawo. Wannan ilimin ya ishe ka.

1. Fara da fayilolin da wasu suka naɗa

Kada ka fara da naɗin kanka. Idan shirinka ya ƙi aiki, ba za ka san ko laifin makirfo ne ko na lissafi ba.

Je ka PhysioNet, shafin intanet da ke tara bayanan lafiya don bincike. A gasarsu ta shekarar 2016 sun saki fayiloli sama da 3,000 na sautin zuciya daga ƙasashe daban-daban, daga mai sakan 5 har mai sama da minti 2, duk an daidaita su a kan samfur 2,000 a sakan, wato ana auna sautin sau 2,000 a kowane sakan. Akwai kuma tarin CirCor DigiScope da aka yi gasar 2022 da shi, wanda aka naɗa a arewa maso gabashin Brazil, mafi yawa daga yara, a kan samfur 4,000 a sakan. Ga mai koyo na fi son na biyun, domin kowane sauti na tafe da ƙaramin fayil mai layi-layi: lokacin farawa, lokacin ƙarewa, da lamba. Lamba 1 S1 ce, 2 matsawa, 3 S2, 4 saki, sifili kuma wurin da ba a sa wa alama ba. Haruffan AV, PV, TV da MV da ke cikin sunan fayil suna nuna wurin da aka ɗora abin sauraro a ƙirji. Ka tuna dai yara ne, zuciyarsu ta fi ta manya sauri, wannan kuwa zai dawo mana a mataki na 6.

Zaɓi guda goma masu tsabta, ka saurare su a Audacity kana kallon zanensu, har kunnenka da idonka su saba.

2. Naɗin naka sautin

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci.

Idan za ka haɗa na'urar da kanka, yanke robar abin sauraren ƙirji, ka bar kamar santimita 5 zuwa 10 daga kan faifan. Tura kan makirfon cikin robar ya matse, ka naɗe da salatif yadda iska ba za ta fita ba. Ko ƙaramar kafa ce sai ta tafi da sautin mai kauri. Roba mai tsawo kuma tana kwaso ƙarar gogar riga da motsin hannu.

Waya na iya naɗa, amma tana da halinta. Wayoyi da yawa an tsara su don muryar mutum, suna yanke sauti mai kauri, suna kuma ɗaga ƙarfi su sauke da kansu. Nemi manhajar naɗi da ke ba ka damar kashe rage hayaniya da daidaita ƙarfi, ka ajiye a WAV mai bit 16, layi ɗaya. Kada ka ajiye a MP3. Kada kuma ka tura wa abokin aikinka ta saƙon murya na WhatsApp, domin za a matse shi a zubar da abin da kake nema; tura shi a matsayin fayil.

Sai batun wuta. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana na kaɗawa sau 50 a sakan, kuma Hz 50 a tsakiyar gidan S1 yake. Idan kwamfuta ko waya na jone da caja lokacin naɗi, sau da yawa za ka ji wani gurnani a ƙarƙashin sautin. Cire caja, ka yi aiki da batiri. Kashe fanka. Idan janareta na aiki a kusa, jira a kashe shi ko ka canza ɗaki, don girgizarsa ta ƙasa da bango take biyowa, rufe taga ba ya hana ta.

Wurin ɗorawa: a ƙasan ƙirji ta hagu, a rata ta biyar tsakanin haƙarƙari, ƙasa kaɗan da kan nono, S1 ya fi fitowa. A sama, a rata ta biyu, dama ko hagu da ƙashin tsakiyar ƙirji, S2 ya fi ƙarfi. Ka ga dalilin da ya sa na ce ƙarfi ba abin dogaro ba ne: mutum ɗaya, minti ɗaya, ka matsar da faifan da tsawon tafin hannu, wanda ya fi ƙarfi ya sauya.

A ɗora kan fata, ba kan riga ba. Mutum ya zauna ya huta minti biyar tukuna, kada ya yi magana. Riƙe faifan da yatsu biyu, ka kafe gwiwar hannu. Sakan 20 zuwa 30 ya isa. Idan numfashi na rufe sautin, roƙe shi ya fitar da numfashi ya ɗan riƙe na sakan goma, in ba zai takura ba. Ga mai jiki, kwanciya a gefen hagu na matso da zuciya kusa da fata.

Nemi izinin duk wanda za ka naɗa, ka gaya masa abin da za ka yi da sautin. Idan mace ce, a samu 'yar'uwarta mace ta ɗora mata. Sunan fayil ya zama lamba, ba sunan mutum ba. Bayanin lafiya na cikin abubuwan da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tsaurara a kai. Marasa lafiya a asibiti kuwa ba a taɓa su sai da amincewar kwamitin ɗa'a na asibitin.

3. Buɗe fayil ka rage yawan samfur

```
fs, x = wavfile.read("gwaji01.wav")
x = x.astype(float)
x = x - np.mean(x)
x = resample_poly(x, 10, 441)
```

Layi na biyu ba ado ba ne. Fayil mai bit 16 lambobinsa ba sa wuce 32,767, idan ka ninka su da kansu ba ka juya su zuwa float ba, lissafin zai kife ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Layi na huɗu na sauko da samfur daga 44,100 zuwa 1,000 a sakan. Idan naka 48,000 ne, sa 1 da 48. Idan 4,000 ne, 1 da 4. Idan 2,000 ne, 1 da 2. Ƙa'idar ita ce yawan samfur ya wuce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da kake so ka riƙe, mu kuwa a Hz 400 za mu tsaya, don haka 1,000 ya wadatar.

Kada ka yi dabarar tsallake, wato ɗaukar samfur ɗaya cikin kowane 44 ka zubar da saura. Siraran sautuka za su naɗo su dawo ƙasa da kamannin sauti mai kauri, kuma babu tacewar da za ta raba su daga baya.

4. Tacewa da cire tartsatsi

```
sos = butter(2, [25, 400], btype="band", fs=1000, output="sos")
y = sosfiltfilt(sos, x)
```

Wannan na barin abin da ke tsakanin Hz 25 da 400 ya wuce. Ƙasa da 25 motsin hannu ne da na ƙirji, sama da 400 yawanci hayaniyar ɗaki ce. Amfanin sosfiltfilt shi ne yana tacewa gaba ya dawo baya, saboda haka ba ya gusar da sauti daga lokacinsa. Tunda lokaci muke aunawa, matacin da ke jinkirta sigina ɓarna yake mana. Idan S1 da S2 kawai kake so, kuma huci ya cika fayil ɗin, sauko da iyakar sama zuwa 150 ko 200. Huci ya fi zama a sama, sai ya lafa.

Idan gurnanin Hz 50 ya riga ya shiga, matacin iirnotch na SciPy zai rage shi, amma zai ɗan gutsuri S1. In mutumin na nan kusa, sake naɗi ya fi.

Sai tartsatsi, wato ƙarar da ke tashi farat ɗaya idan faifai ya goga fata ko yatsa ya motsa. Guda ɗaya na iya ninka bugun zuciya sau goma, idan ka daidaita ƙarfi da shi sai sauran fayil ɗin ya kwanta kamar babu komai. Hanyar da Samuel Schmidt da abokan aikinsa na Denmark suka bayyana a 2010 mai sauƙi ce: yanka sigina gida-gida na rabin sakan, ka nemo lamba mafi girma a kowane gida. Duk gidan da tasa ta wuce ninki uku na matsakaiciyar sauran, ka nemo tartsatsin, ka mayar da shi sifili daga inda sigina ya ƙetare sifili kafinsa zuwa inda ya ƙetare bayansa. Maimaita har babu saura. Bayan haka ne za ka raba da lamba mafi girma don komai ya zauna tsakanin -1 da 1.

Zana sakan biyar na farko ka duba. A kowane mataki ka zana. Gani ya kori ji.

5. Fitar da layin ƙarfi

Sigina kansa yana hawa da sauka sau da dama a cikin S1 guda, ba za ka iya ƙirga ƙololuwa a kansa ba. Abin da ake so layi ne mai santsi da ke tashi idan sauti ya zo, ya kwanta idan ya wuce.

Na fi fara wa mai koyo da ƙarfin Shannon, hanyar da Liang da abokan aikinsa na Finland suka gabatar a 1997:

```
e = -(y**2) * np.log(y**2 + 1e-12)
```

Daga nan ka ɗauki matsakaicin kowane samfur 20, kana matsawa da 10. Yanzu kana da lamba 100 a kowane sakan, kowace na wakiltar milisakan 10. Cire matsakaici, ka raba da ma'aunin warwatsuwa, wato np.std. Ƙaramar lambar nan 1e-12 tana hana lissafin fashewa a wuraren da ka mayar sifili.

Abin da ya sa wannan lissafi ya dace shi ne yana fifita sauti mai matsakaicin ƙarfi. Ya fi ɗaga abin da ke kusa da 0.6, yana danne ƙananan hayaniya, yana kuma rage wa mafi ƙarfi tsawo. Saboda haka S2 mai rauni ba ya ɓacewa a gefen S1 mai ƙarfi. Illarsa ita ce sauti mafi ƙarfi kan fito da kai biyu, da rami a tsakiya. Maganinsa ka sake tace layin da matacin da ke barin ƙasa da Hz 10 zuwa 15 kawai. Kada ka sauka ƙasa da 8, in ba haka ba S1 da S2 za su fara narkewa cikin juna.

Idan Shannon bai yi maka ba, gwada hilbert na SciPy: ɗauki girman sakamakonsa, ka santsantar da shi haka nan. A fayil mai tsabta duka biyun ɗaya suke.

6. Auna saurin zuciya tun kafin ka nemi ƙololuwa

Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ke riƙe da sauran.

Ɗauki layin ƙarfi ka kwatanta shi da kansa, kana gusar da kwafinsa kaɗan-kaɗan, np.correlate ke yin wannan. Idan gusawar ta yi daidai da zagaye ɗaya na zuciya, S1 zai hau kan S1, S2 ya hau kan S2, sai lissafin ya yi tsalle. Nemi wuri mafi tsawo tsakanin gusawar sakan 0.5 da sakan 2, wato bugu 120 zuwa 30 a minti. Wannan shi ne tsawon zagaye. Raba 60 da shi ka sami bugu a minti. Sannan nemi wani tsallen tsakanin sakan 0.2 da rabin zagayen. A nan ne S1 ya hau kan S2, shi ne tsawon matsawa.

Ga yara, musamman jarirai da zuciyarsu kan wuce 120 a minti suna lafiya lau, sauko da iyakar daga 0.5 zuwa 0.3. Idan ka manta, shirin zai tsallake zagaye na gaskiya ya kama na biyu, ya ba ka rabin saurin. Akasin haka ma na faruwa: a babban mutum mai jinkirin bugu, idan iyakar ta yi ƙasa da yawa, sai ya kama tazarar S1 zuwa S2 a matsayin zagaye. Don haka lokacin naɗi ka ƙirga bugun a wuyan hannu na sakan 30 ka rubuta. Idan lambar kwamfuta ta ninka taka ko ta yi rabinta, ka san inda matsalar take.

7. Nemo ƙololuwa

```
k, _ = find_peaks(layi, height=0.3, distance=15)
```

Tazarar 15 na nufin milisakan 150: ba a yarda ƙololuwa biyu su fi haka kusa ba. Dalili kuwa, S2 na rabuwa biyu idan mai lafiya ya ja numfashi, musamman matashi, domin bawul na huhu na ɗan makara. Ratar 'yan milisakan goma-goma ce, kuma sauti ɗaya ne a wurinmu.

Lambar 0.3 mafari ce kawai, kada ka ɗauke ta aya. Iyaka ɗaya ba ta yi wa fayil gaba ɗaya, don ƙarfin sauti na hawa da sauka da numfashi. Gara ka lissafa iyaka a kowane sakan 3, misali kashi 30 cikin 100 na manyan ƙololuwar wannan gidan.

Yanzu yi gyara da abin da ka auna a mataki na 6. Bi ratar da ke tsakanin kowace ƙololuwa da ta gaba. Idan rata ta kai kusan zagaye guda, an tsallake sauti. Koma cikin wannan ratar kawai, ka rage iyaka zuwa rabi, ka nemo shi a inda lokaci ya ce ya kamata ya kasance. Idan kuma ƙololuwa uku ko huɗu suka cunkushe a zagaye ɗaya, riƙe biyun da ratarsu ta fi kusa da tsawon matsawa, ka ware sauran. Ka ware su, ban ce ka share ba. Akwai S3, sauti mai kauri da ke zuwa kamar milisakan 120 zuwa 180 bayan S2. A yara da matasa da masu juna biyu yakan zo ba tare da ciwo ba, a dattijo kuwa yakan nuna zuciya ta gaza. Akwai S4 da ke zuwa dab da S1. Idan ƙarin sautin na dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye, ba hayaniya ba ne. Hayaniya ba ta da alƙawari.

8. Raɗa suna: wanne S1, wanne S2

Nemi wurin da ya fi tsabta a fayil, inda rata gajera da doguwa ke bin juna a jere. Ƙololuwar da ke buɗe gajeriyar rata S1 ce, wadda ke rufe ta S2. Daga wannan wuri ka bi gaba, ka bi baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raɗa wa na farko S1, sannan a dinga musanyawa: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har ƙarshe. Sauti guda ya ɓace, duk abin da ya biyo baya ya juye. A kowane zagaye ka sake tambayar ratar: wannan ta fi kama da matsawa, ko da saki? Tsawon matsawa ba ya canzawa sosai daga bugu zuwa bugu, saki ne ke miƙewa ya takure. Saboda haka ka matse wa matsawa iyaka, misali kada ta kauce da fiye da kashi 20 cikin 100, ka sassauta wa saki. Inda babu ratar da ta dace, rubuta "ban sani ba" ka wuce. Gurbi ya fi ƙarya.

Akwai inda wannan dabara ke ƙarewa. Idan zuciya ta yi sauri, saki ne ke raguwa, har a wajen bugu 120 a minti ratocin biyu su kusa zama ɗaya. Haka idan bugun ba shi da tsari. A nan sai ka nemo shaida daga waje. Mafi inganci ita ce naɗa wutar zuciya, ECG, tare da sautin: S1 na biyo bayan dogon tsinin R na zanen ECG nan take, S2 kuma na faɗowa wajen ƙarshen tudun T. Ƙaramin allon AD8232 mai ɗaukar ECG da allon sarrafawa na Arduino sun isa gwajin ɗalibi, da sharaɗin komai na kan batiri, babu abin da ke jone da soket alhali wayoyi na manne a jikin mutum. Idan babu wannan, yi naɗin a ƙasan ƙirji ta hagu, ka haɗa alamu biyu masu rauni: S1 yakan fi tsawo, ya kuma fi kauri. Su kaɗai ba sa isa hukunci, amma sun fi babu.

9. Auna aikinka da gaskiya

A fayilolinka, buɗe Audacity, ka danna kan kowane sauti, ka latsa Ctrl da B, ka rubuta S1 ko S2, sannan ka fitar da alamomin a fayil ɗin rubutu. Ka yi wannan kafin ka ga amsar shirin, don ido na bin abin da aka riga aka nuna masa. In da hali, wani ma'aikacin lafiya ya duba maka. A fayilolin CirCor, tsakiyar kowane gida mai lamba 1 ko 3 ita ce alamarka.

Ana karɓar amsa idan ta faɗo kusa da alamar hannu, yawanci cikin milisakan 100, kuma sunan ya dace. A ce akwai sauti 40 na gaskiya, shirin ya kama 38, ya kuma ƙirƙiro 4 da babu su. Abin da ya kama 38 cikin 40 ne, kashi 95. Gaskiyar abin da ya faɗa 38 cikin 42, kashi 90.5. Ma'aunin F1 da ke haɗa biyun shi ne 76 a raba da 82, kashi 92.7. Ka bayar da duka ukun, kuma ka lissafa na S1 daban, na S2 daban. S2 ne ke yawan ɓacewa.

Raba mutanenka gida biyu tun farko. Da gida ɗaya za ka dinga murɗa iyakoki, ɗayan kuma ba ka buɗe shi sai ranar ƙarshe. Da mutum ake rabawa, ba da fayil ba, domin mutum ɗaya na iya samun fayil huɗu, kuma idan biyu na nan biyu na can, sakamakon zai yi kyan da ba nasa ba.

10. Idan hanyar iyaka ta gaza

Za ta gaza a fayil mai huci mai ƙarfi, inda layin ƙarfi ba ya saukowa tsakanin S1 da S2, ya zama tudu ɗaya. Mataki na gaba shi ne hanyar David Springer da abokan aikinsa na Oxford, wadda aka buga a 2016, kuma ita masu gasar PhysioNet ta 2016 suka bai wa mahalarta. Tana haɗa layukan ƙarfi iri huɗu, ta sauko da su zuwa lamba 50 a sakan, ta kimanta a kowane lokaci ko S1 ne, matsawa, S2 ko saki, sannan ta tilasta jerin ya bi tsarinsa da tsawon da ya dace da kowane gida. Wato abin da ka yi da hannu a matakai na 6 zuwa 8 ne, aka mayar da shi lissafin yiwuwa. Shirin na nan a PhysioNet kyauta, a MATLAB. Wanda ya bi matakan nan da kansa zai karanta shi ya gane. Wanda ya fara da shi kuwa, ranar da ya ba shi amsar banza ba zai san inda zai taɓa ba.

Masu son wucewa zuwa gano ciwo su san cewa fagen na da amfani a nan gida. Ciwon bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara har yanzu yana da yawa a Afirka kudu da Sahara, kuma gazawar zuciya bayan haihuwa sananniya ce a asibitocin Kano, Zariya da Sakkwato. A 2024 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Najeriya tare da Mayo Clinic ta Amurka, kan mata kusan 1,200 masu ciki da masu jego, inda abin sauraren ƙirji na lantarki mai naɗar sauti da ECG tare ya gano masu raunin zuciya kusan ninki biyu na kulawar da aka saba. A can ma hoton zuciya na asibiti ne ya tabbatar da kowace amsa. Shirinka bai kai nan ba: wurin sauti yake nunawa, ba ciwo ba. Idan a cikin gwaji ka ji huci, ko ƙarin sauti da ke dawowa kowane zagaye, ko bugun da ba shi da tsari, kada ka faɗa wa mutumin sunan wata cuta. Ka ce masa ya je likita ya saurare shi, ka kuma ajiye fayil ɗin na asali yadda aka naɗe shi, ba wanda ka tace ba, ko likitan zai so ji.